Waƙa don kunne aka yi ta

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce a ajinku ba mai son waƙa, kina tambaya ko da ma haka mutane suke, ko kuwa zamaninta ne ya wuce.

A takarda kuka fara gamuwa da ita, matsalar ke nan. An miƙo muku baitoci, an ce ku fito da jigo, ku nuna amsa-amon ciki da na waje, ku faɗi karinta, ranar jarrabawa ku mayar. Ba wanda ya rera muku ita. Kari kuwa ba a ganinsa da ido. Sai an ɗaga murya ake jin inda gaɓa mai nauyi ta sauka, mai sauƙi ta biyo ta. Wanda bai ji wannan ba, dole ya ga kamar magana ce aka karkatar don a wahalar da shi.

Akwai kuma tsohon ƙi. An daɗe ana yi wa mawaƙi kallon maroƙi. Wasu su jawo ayar Suratus Shu'ara'i da ta ce ɓatattu ne ke bin mawaƙa, su tsaya nan, alhali ƙarshen surar ya ware masu imani da aiki na gari. Hassanu bin Sabit ai a gaban Manzon Allah (SAW) yake waƙa. Su ma mawaƙan da nasu laifin: wani ya murɗe kalma don ta dace da amsa-amo, ma'ana ta gudu, ko ya yabi wanda bai cancanta ba saboda abin hannunsa.

Batun amfani, dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Da waƙa ta karantar da matan karkara. Jajojinta, wato matan da take turawa koyarwa, su haddace, su koma su koya wa wasu. Macen da ba ta san baƙi ba sai ta riƙe hukuncin addini a ka. Dalili shi ne waƙa na tsare kanta: ki yar da kalma ɗaya, baitin ya ɗingisa, kunnenki ya gaya miki. Aliyu Namangi makaho ne, amma waƙarsa ta Imfiraji ta zaga ƙasa a bakin mutane.

Gaskiya waya ta karɓe aikin ajiya, ba na musu. Abin da ba ta karɓe ba shi ne faɗin abin da ke da nauyi a baki. Sa'adu Zungur ya gargaɗi sarakuna da baiti a lokacin da gaya musu haka kai tsaye sai mai ƙarfin hali. Mai ta'aziyya da mai bege har gobe a waƙa suke fakewa.

Su ƙawayen naki, ki tambaye su waƙoƙi nawa ke kansu daga waya, ba tare da wani ya sa su hadda ba.