Wanke kwanson harsashi: tsabta ake nema ko ƙyalli?

Tambaya: Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma na shiga ƙungiyar masu wasan harbin bara, inda mutane ke tsince kwanson harsashin da suka harba domin su sake cika shi. Nawa ya yi baƙi. Shin zan iya goge shi da Brasso ko in jiƙa shi a ruwan tsami, kamar yadda ake yi wa kayan tagulla a gida?

Amsa: Malam, ka ajiye Brasso gefe guda, domin yana ɗauke da amoniya, ita kuwa amoniya babbar abokiyar gabar wannan ƙarfe ce. Ana yin kwanson ne da tagulla wadda kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe ne, kashi 30 kuma tutiya, sannan matsar da aka yi masa a masana'anta takan bar shi a ɗaure, musamman a wuya. Idan amoniya ta haɗu da danshi a kan irin wannan ƙarfe, sai ya riƙa tsagewa a hankali ba tare da an taɓa shi ba. Sojojin Birtaniya a Indiya sun sha fama da wannan, lokacin da suke ajiye harsasai a bargar dawaki da damina, su tarar sun tsattsage. Sai a 1921 aka bayyana cewa amoniyar fitsarin dawaki ce sanadi.

Ruwan tsami bai kai haka muni ba, amma idan ya yi ƙarfi ko kwanson ya daɗe a ciki, yana cinye tutiyar da ke fuskar ƙarfen. Alamarsa ita ce kwanson ya koma ja-ja.

Abin da ake wankewa dominsa shi ne yashi da ƙura da toka. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a jikin kwanso tana iya karce cikin ƙarfen da ake matse shi da shi don ya koma girmansa na asali, daga nan kuma duk kwanson da ya biyo baya zai fito da tabon. Dalili na biyu shi ne idonka ya iya gani: tsagewa a baki, ko wani siririn zobe mai haske kusa da gindi, wanda ke nuna cewa ƙarfen ya yi siriri a wurin kuma yana dab da rabuwa. Wanda ka ga haka a jikinsa, ka murƙushe shi da filaya ka jefa cikin tarkacen ƙarfe. Baƙin da ya zauna kawai a matsayin launi ba ya hana komai, ko da yake na san masu wannan sha'awa da yawa ba sa samun natsuwa sai sun ga fuskarsu a jikin kwanso.

Kafin wanki, ka tankaɗe su. Maganaɗisu zai ɗauke na baƙin ƙarfe, na alminiyam kuma ka tsince da hannu, sannan ka tabbata babu harsashin da ba a harba ba a cikin tarin. Kada ka haɗa masu girma daban-daban, domin kwanson 9mm yakan shige cikin na .40 ya cije.

Hanya mafi sauƙi ita ce injin da ke girgiza kwanson a cikin niƙaƙƙen ɓawon walnat (wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri) ko totuwar masara na awa 2 zuwa 4. Aibinta ƙura ce, kuma ba ƙurar banza ba, saboda yawancin firaima, wato ɗan maɓallin gindi mai tayar da wuta, suna da sinadarin dalma. Ka yi aikin nesa da kicin da wurin wasan yara, ka wanke hannu kafin cin abinci. Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce ganga mai juyawa da ruwa, da sabulun wanke kwanuka, da ɗan garin sitirik (sinadarin da ke sa lemo tsami) kaɗan ƙwarai, da ƙananan sandunan ƙarfe mara tsatsa, waɗanda ke shiga har ciki su kankare toka. Ruwan kuma yana riƙe dalmar maimakon ta tashi a iska. Sai dai dole ne ka ɗauraye sosai, ka leƙa ramin gindi don kada sanda ta maƙale, ka kuma busar da su ƙarau, domin ɗigon ruwa guda yana lalata albarushi. Zafin rana na Texas ya isa wannan aiki. Idan tanda za ka sa, kada zafin ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas.

Dokar tarayya a Amurka ta yarda mutum ya cika harsashi don amfanin kansa, sayarwa kuwa sai da lasisi. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba, saboda haka idan za ka ziyarci gida, ka zazzage jakarka da aljihunka sosai, kada ko kwanso ɗaya ya biyo ka filin jirgi.