Riƙe takardun gida bai mayar da gidan naka ba

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, Gombe. Bara na ba wani abokin ciniki masara da wake bashi na naira miliyan 7. Ya ajiye mini takardun gidansa na Pantami, muka rubuta cewa in wata 6 ya cika bai biya ba, gida ya zama nawa. Yau wata 11 ke nan, ko waya ba ya ɗagawa. Na samu mai saye. In sayar, ko in fara kai shi wurin 'yan sanda?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo mafita. Ban ga takardar da kuka rubuta ba, don haka maganata ta rataya ne a kan yadda ka kawo labarin. Amma tun farko, kada ka karɓi ko kwabo daga hannun mai sayen nan.

Bisa dukkan alamu, abin da ke tsakaninku jingina ce, ba ciniki ba. Mai riƙe da jingina bashinsa yake bi, ba gida ba. Sharaɗin da ka dogara da shi, cewa gida ya zama naka in wa'adi ya cika, shi ne wuri mafi rauni a maganarka. A fiƙihun Malikiyya jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don kawai lokaci ya wuce, kotunan boko ma da wuya su zartar da irin wannan sharaɗi. Hanyar da aka sani ita ce kotu ta ba da umarnin sayarwa, a cire maka miliyan 7 ɗinka, ragowar ta koma wa mai gida. In gidan ya kai miliyan 15, sauran 8 ba haƙƙinka ba ne.

Akwai kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Sashe na 22 ya hana sayar da gida mai shaidar mallaka ta gwamnati ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba tare da ita ba bai inganta ba. Ina kyautata zaton ba ku nema ba. Lauyansa zai iya kama nan ya soki jinginar kanta, ko da yake bashin yana nan daram. Sannan wane irin takardu ne a aljihun teburinka? In takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa, ko hoton satifiket, ƙila ainihin yana banki. Gidan ma zai iya zama na gado, da ƙannensa da mahaifiyarsu a ciki. Bincike a GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, zai nuna sunan da ke kan fayil da ko an riga an jinginar.

Batun 'yan sanda, a bar shi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. In ka sa aka tsare shi, shi zai kai ka kotu neman diyya, mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Sai fa in akwai shaidar cewa tun asali da niyyar damfara ya zo, misali takardun jabu ne.

Ɓuyar da yake yi ba ɗabi'ar ɗan kasuwa ba ce, kuma kotu ba za ta yaba masa ba. Duk da haka shari'ar gida a Babbar Kotu takan ci shekaru, jarinka kuma yana kwance kaka bayan kaka. Lauya ya fara rubuta masa takardar neman biya da wa'adin kwana 14, sannan shugabannin kasuwa ko wani dattijo da yake jin nauyi su zaunar da ku. In biya kashi-kashi ne, a rubuta adadi da ranaku, ya sa hannu gaban shaidu 2 tare da mai tsaya masa. Wannan amsa bashin a rubuce na da amfani, domin doka ta ƙayyade lokacin shigar da ƙarar bashi, galibi shekara 6.

In kuma gidan kake so, ku yi ciniki sabo: mai ƙiyasi ya yi masa kuɗi, a cire bashin, ka cika masa ragowar, a rubuta takardar miƙa mallaka a nemi amincewar gwamna. Kafin zaman, ka haɗa littafin da ka rubuta buhunan da ranakun lodi, da saƙonnin wayar da ya amsa cewa ana binsa.