'Yan bishara basu yarda da sauyin yanayi ba, to me suke nema a gonarmu?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Daga wani kauye kusa da Gadarif a Sudan nake. Wata munazzama, wato kungiya, ta coci tazo tana koya mana barin kututture ya sake toho a gona, sai wani ya turo bidiyo a WhatsApp wai 'yan bishara na Amurka basu ma yarda da sauyin yanayi ba, sunce duniya konewa zatayi. Baba ya tsufa gonar a hannuna take, hankalina yaki kwanciya.

Amsa: Wa alaikumussalam dan uwa, kwantar da hankalinka. 'Yan bishara bakinsu ba daya bane akan wannan magana. A 2006 shugabanninsu 86 a Amurka, harda sanannen fasto Rick Warren, sun sa hannu a takarda cewa dumamar duniya gaskiya ce kuma talaka zata fi cuta. Bangaren Calvin Beisner da kungiyarsa ta Cornwall suka ce basu yarda ba, su sun rike littafin Farawa na Baibul 1:28 inda akace a mallaki kasa, wadancan kuma suka jawo 2:15 inda aka sa Adamu a gona ya nomata ya kiyayeta. Ni a ganina rabin rigimar siyasar Amurka ce kawai.

Dabarar kututturen nan kuma a kasar Hausa ta girma. Tony Rinaudo, dan mishan daga Ostareliya, shi ya fara yadata a Maradi a 1983, kuma manoman da suka rungumeta yawancinsu musulmi ne 'yan uwanmu, yau ana kiyasin kadada miliyan 5 sun farfado a Nijar.

Abinda yake kona min rai shine wannan maganar ta "duniya ta kare", domin ba a bakin fasto kadai nake jinta ba, kullum sai na jita a kasuwar gawayi. Tunda yaki ya barke a 2023 gas yayi wuya kowa ya dauki gatari, na sani wuya ce, amma mutum ya sare dakwara mai bada karo shekara da shekaru ya maida ita buhun gawayi, kayi masa magana yace ai karshen zamani ne malam, to wa ya bashi ranar? Wanda yace duniya zata tashi gobe ai baka ganshi ya daina ajiye kudi ba, bai fasa aurar da 'yarsa ba, bishiya ce kadai tashin kiyama yake shafa. Gamu da hadisi a Musnad na Imam Ahmad, ko kiyama ta tsaya da dashen dabino a hannunka in zaka iya ka dasa. Sannan ga masu cewa bishiya tana cinye dawa, gawo fa da damina yake zubda ganye, taki yake baka kyauta, jeka duba dawar dake gindinsa.

Kai dai ka zabi toho biyu ko uku masu karfi a kowane kututture ka datse sauran, ka hana awaki. Takarda kuwa kowa ya kawota, coci ko masallaci ko hukuma, kada ka dangwala hannu sai an karanta maka gaban Baba da shehun gari, kuma a rubuta cewa itacen da ya tashi a gonar naku ne.