Shin wuski yana ceton wanda sanyi ya kama a daji?

Tambaya: Likita, mun zauna da abokai mun kalli tsohon fim ɗin nan The Edge na 1997, wanda jirgin su Anthony Hopkins da Alec Baldwin ya faɗi a tafki a dajin Alaska. Wani daga cikinmu ya ce da suna da wuski tun farko da sanyi bai galabaitar da su ba, har musu ya kaure a kan na Sikotilan ne ya fi ɗumama jiki ko na Amurka. Ni ba na sha, amma ina son sanin gaskiyar maganar.

Amsa: Malam, gaya wa abokanka su ajiye musun, domin ko wanne suka zaɓa cutar da mai shi zai yi. Bambancin biyun a ɗanɗano yake. Na Sikotilan doka ta tilasta ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako, na Amurka da ake kira bourbon kuwa dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa. Amma dukansu ƙarfin barasarsu ba ya ƙasa da kashi 40, kuma jiki barasar kawai ya sani.

Idan sanyi ya kama mutum, jiki yakan matse ƙananan hanyoyin jinin fata, ya tattara jini mai ɗumi can ciki wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yatsu ke fara sandarewa. Barasa sai ta buɗe waɗannan hanyoyin, jini ya kwararo fata, mutum ya ji wani ɗumi mai daɗi ya ratsa shi. Ɗumin nan daga cikinsa aka ɗebo shi, kuma iska za ta tafi da shi. Sannan barasa tana rage makyarkyata, wadda ita ce hanyar da tsoka ke samar da zafi, tana iya sauke sukarin jinin mai jin yunwa, ga uwa uba gusar da hankali. Mutum ya zauna a dusar ƙanƙara ya ce bari ya ɗan huta, shi ke nan.

Zafin cikin jiki yana wajen digiri 37. Da ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Su kuwa mutanen fim ɗin daga cikin ruwa suka fito, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki da sauri fiye da iska ninki-ba-ninki. Abin da ya dace da su shi ne wuta da busar da tufafi, kuma a nan fim ɗin bai yi ƙarya ba: ashana ta fi musu kwalba amfani nesa ba kusa ba.

Wannan camfi ya daɗe. Hoton nan na karen ceto na tsaunukan Siwizalan mai ɗan tulun giya a wuya, wai don ya kai wa waɗanda sanyi ya kama, ana danganta shaharar sa da wani zane da mai zanen Ingila Edwin Landseer ya yi a 1820, ba da aikin ceto na gaske ba.

Idan ka taɓa riskar wanda sanyi ya kama, ko da a daren hunturu ne a hanyar Agadas, ka shigar da shi inda babu iska, ka cire masa jiƙaƙƙun kaya, ka lulluɓe shi har kai, ka fara ɗumama ƙirji da gangar jiki. Kada a murza masa hannu da ƙafa. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. In kuwa ya daina makyarkyata alhali jikinsa sanyi ƙalau, ko magana ta fara sarƙe masa, kada a ba shi komai ta baki, a ɗauke shi a hankali zuwa asibiti.