Amsa kan akwatin saƙon da ya wuce gigabayit 2

Ƙanena, ka tambaye ni dalilin da ya sa manhajar imel da kake gyarawa take karanta babban akwatin saƙo lafiya lau a kwamfutarka mai Linux na bit 64, amma a na'ura mai bit 32 da kuma Windows saƙonnin ƙarshe suke ɓacewa ko su fito daga tsakiyarsu, alhali ka riga ka sa _FILE_OFFSET_BITS=64, alamar da ake sa wa manhajar harshen C don ta iya sarrafa manyan fayiloli.

Tsarin mbox yana jera dukkan saƙonni cikin fayil guda, manhajar kuma tana riƙe lambar bayit ɗin da kowane saƙo ya fara a kansa. Idan aka ajiye lambar nan a bit 32 mai ɗaukar lamba ƙasa da sifili, iyakarta 2,147,483,647. Akwati kuwa ba ya daɗewa bai kai nan ba, domin base64, hanyar mai da fayil haruffa don ya shiga imel, yana mai da kowane bayit 3 na fayil ɗin da aka liƙa wa saƙo haruffa 4. Tsakanin gigabayit 2 da 4 lambar takan koma ƙasa da sifili, sai saƙon ya ɓace. Da ta haura 4 kuma takan iya dawowa da kamannin lafiya, ta nuna wani wuri dabam, wanda a wurina shi ne mafi muni, tunda babu ƙorafin da zai fito.

Alamar da ka sa ta samo asali daga yarjejeniyar da kamfanonin Unix suka cimma a 1996, kuma aikinta shi ne faɗaɗa off_t, nau'in lambar da ke nuna wuri cikin fayil, zuwa bit 64. Ba ta taɓa long ko int, nau'o'in lamba na yau da kullum. Saboda haka bi lambar nan sawu da sawu, daga inda aka samo ta har inda aka ajiye ta. Duk inda ka ga fseek da ftell, masu zuwa wuri cikin fayil da faɗar inda ake, mai da su fseeko da ftello. Inda aka buga ta da %ld, juya ta intmax_t ka buga da %jd. Inda aka karanta ta da atol, sa strtoll. Tabbatar kuma alamar ta riga kowane #include a kowane fayil, domin idan rabin manhajar yana ganin off_t bayit 4, rabi yana ganin 8, za ta haɗu ba gardama, sannan ta yi ɓarna a ɓoye.

Windows kuwa halinta dabam, don long ɗinta bit 32 ne ko a na'ura mai bit 64. A can _fseeki64 da _ftelli64 za ka kira, ka kuma buɗe fayil da "rb", in ba haka ba sauya ƙarshen layi zai rikita lissafin. Shawarata ita ce ka tara waɗannan bambance-bambance a fayil ɗaya, da nau'in lamba naka guda, sauran manhajar kada ta san a wane tsari take gudana.

Wurin da aka fi mantawa shi ne fayil ɗin fihirisa, inda manhajar ke ajiye lambobin farkon saƙonni. Kada ka zuba struct, wato ƙunshin bayanai yadda yake a ƙwaƙwalwa, kai tsaye a faifai. Rubuta kowace lamba da bayit 8 cikin jerin da ka ƙayyade, ka sa lambar siga a farkon fayil, domin a gane tsohon fihirisa a sake gina shi. Kada kuma ka ɗora saƙo dungurungum a ƙwaƙwalwa, karanta shi gutsure-gutsure. Faifai mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, wannan ba gyaranka ba ne, amma wajibi ne ka duba sakamakon kowane rubutu kafin ka goge fayil ɗin asali.

Wajen gwaji ba sai ka cika faifai ba. Umarnin truncate zai ba ka fayil mai rami na gigabayit 5, wanda ba ya cin wuri a faifai, nan take. Dasa saƙo ɗaya da ya ratsa iyakar gigabayit 2, wani iyakar 4, wani a ƙarshe, ka buɗe ukun a kowane tsari, sannan ka turo mini abin da ka gani.