Burodin lemu a garar Auta

Uwata,

Assalamu alaikum. Ya maigidan, ya yaran, ya zafin Kubwa? Mu nan Jos hunturu ya sa mu gaba, ruwan alwalar asuba ma sai an ɗora a wuta. Saƙonki ya iso ni daren Laraba, sai da na saurara sau biyu, don kin zubo maganar kamar ana korarki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto a tsanake.

Idan na fahimce ki, so kike a garar Auta a cire alkaki da dubulan, a zuba wannan naɗaɗɗen burodin mai ɓawon lemu da kika koya, wai 'yan yanzu ba sa cin kayan da. Kuma kina tambaya ko al'ada ta hana.

Al'ada ba ta hana ba. Gara ma dai ba farilla ba ce, malamai sun sha faɗa, kuma wanda bai da hali babu laifi a kansa. Cincin da kike gani kamar tare aka halicce shi da gara, baƙo ne, Inna da kika ci sunanta ba ta same shi a tata ba. Katan-katan ɗin taliya da makaroni kuwa a kan idona suka shigo. To ƙofa ba a rufe take ba. Sai dai ni ban yarda a cire alkaki don burodinki ya samu wuri ba, kuma ba don son tsohon abu ba ne.

Ki duba kayan zaƙin da ake kaiwa. Alkaki barzajjiyar alkama ce, a kwaɓa ta kwana ta yi tsami, a soya, a tsoma a zuma ko a dafaffen suga da ɗan tsamiya. Dubulan ma suya ce da ruwan suga. Nakiya shinkafa ce da aka daka aka soya, aka haɗa da citta da kanumfari da masoro da mai. Kin ga abin da ya haɗa su? Wuta ta kore ruwan jikinsu, ɗan abin da ya rage suga ya riƙe shi, fumfuna ba ta samun wurin zama. Nakiya mai kyau sai ta yi watanni a kwalla ba ta ce uffan ba. Kakanninmu ba su da firji, amma sun san gara ba abincin rana ɗaya ba ne. Idan an sauke ta a gidan miji, uwar miji ce ke kiran 'yan'uwanta a buɗe, a ba masu kawowa tukwici, sannan a shiga rabo: na baffa, na goggo, na maƙwabta, na wadda ke wani gari da sai an samu mai tafiya. Rabon nan yakan ci mako biyu. Abin da ya saura amarya ta ajiye a ɗaki, duk wanda ya zo ganinta ba zai fita hannu rabbana ba.

Burodinki kuwa madara ce da ƙwai da bota, taushinsa ma ruwa ne. Kwana biyu, ya yi ƙoƙari uku.

Ba a bakin wani na ji ba. Shekarar da aka aurar da goggonki ta Bauchi, lokacin Babangida ne, bayan an hana shigo da alkama a 1987, fulawa ta zama sai wane da wane. Ni kuma a lokacin kaina na hayaƙi, na koyi burodin nan wurin wata maƙwabciyarmu a Gangare, wadda mijinta ya yi shekaru yana kuku a gidajen Turawan kuza a Rayfield. Na shiga babbar kasuwar Taminus, wadda ta ƙone a 2002, na zazzage 'yan kuɗin adashina na sayi fulawa. Kwana na yi ina gashi a tukunyar yashi. Guda sittin, na ƙirga. Inna ta leƙo ta ce, "Wannan na ci ne ko na kaiwa?" Na ce na kaiwa. Ta yi shiru ta koma ɗaki. Da sauran ɗuminsu na zuba a leda na ɗaure, na jera a fanteka kusa da alkaki, mota ta ɗauka.

Can kuma uwar mijin ta ce ba za a buɗe ba sai yayarta ta iso daga Azare. Kwana huɗu. Ranar da aka kwance ledar a gaban dangi, burodin ya yi gemu, kore da fari. Alkakin Inna na gefe yana ƙyalli kamar yau aka tsamo shi. Mutanen kirki ne, ba su ce komai ba, amma goggonki ta sha tsiya wurin ƙannen miji har ta yi haihuwar fari. Tambaye ta "burodin Jos", ki ga yadda za ta harare ki.

Saboda haka ga shawarata. A bar gara da kayanta, ko da kaɗan-kaɗan ne daidai ƙarfinmu. Burodinki kuma yana da ranarsa, wadda ma ta fi dacewa da shi: washegarin kai amarya, lokacin da gida ke cike da 'yan rakiya da ƙawaye, kowa na neman abin karyawa da shayi. Ki gasa da asuba, a kai shi da ɗuminsa a tire an rufa da tsaftataccen kyalle, a ware faranti guda na uwar miji. Kafin hantsi ba za ki samu ko ɓurɓushi ba, kuma sunanki za a riƙa kira. Haka idan azumi ya zo, Auta na aika kayan shan ruwa gidan surukai, nan ma wurinsa ne.

Tunda kuma za ki fitar da shi gaban mutane, bari in gyara miki abin da na gani a hoton da kika turo, don cikinsa ya yi min kama da wanda bai gama tashi ba.

Ki fara da lemun. Ƙamshin ba a ruwan yake ba, yana cikin man da ke fatar waje, wannan da mai lemu ke ferewa da wuƙa ya zubar a ƙasa, mu kuma mu tsince mu shanya don hayaƙin sauro. Kada launin ya ruɗe ki. Lemun Binuwai da ake sauke mana a nan kore yake ko ya nuna, saboda can dare ba ya sanyin da zai juya fatar, amma ƙamshinsa ba ya da na biyu. Ki wanke shi sosai, ki goga a ƙananan idon abin goge kuɓewa, da zarar kin hango fari ki juya. Farin nan ɗaci ne zalla. Sai ki zuba gogaggen ɓawon a cikin suga ki murtsuke da yatsu har sugan ya yi danshi, ƙamshi ya cika kicin. Maƙwabciyar tawa cewa take, idan na tsakar gida bai tambayi me ake yi ba, ba ki murza ba.

Ga fulawa rabin kilo, wato kofi huɗu, yis ƙaramin cokali biyu ya isa, da madara kofi ɗaya, ƙwai ɗaya, bota babban cokali huɗu, suga babban cokali biyar, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ɓawon lemu biyu. Madarar ta zama mai ɗumi irin wanda za ki yi wa jariri wanka da shi. Yis abu ne mai rai, suga yake ci yana fitar da iskar da ke kumbura kwaɓin, ruwan zafi kashe shi yake. Kada ki ce za ki maye madarar duka da ruwan lemu don ƙarin ɗanɗano, babban cokali biyu ko uku ya wadatar, sauran ki ajiye na shafawa a sama. Ki murza kwaɓin minti goma cur, har ya daina kama hannu ya yi santsi. Na san hannunku na 'yan Abuja, minti uku kun gaji.

Wurin tashi ne nake zargin kin yi gaggawa. Kwaɓin da ke da suga da bota nauyi gare shi, ba ya tashi da wuri kamar na fanke. Kada ki bi agogo, ki bi kwaɓin: sai ya ninka, kin danna yatsa ramin bai cike nan take ba. A zafinku awa ɗaya na iya isa. A nan Jos da hunturu, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, nakan naɗe kwanon da bargo in ajiye kusa da murhu, wani lokaci har awa biyu ina jira. Bayan nan ki shimfiɗa shi da kwalba, ki shafa bota, ki barbaɗa sugan lemun nan, ki naɗe kamar tabarma, ki yanka goma sha biyu. Da zare nake yankawa, wuƙa na danne shi. Ki jera su da ɗan tazara, ki sake rufewa su tashi karo na biyu har kafaɗunsu su haɗu. Wannan tashin na biyu shi kika tsallake, ko ba haka ba?

A obin, zafi 180, minti ashirin zuwa ashirin da biyar. In wuta ta yi halinta kuma gas ya ƙare, babbar tukunya da yashi a ƙasa, a ɗora tiren a kan 'yan duwatsu, garwashi kaɗan a kan murfi. Ruwan lemu da garin suga na shafawa, sai ya ɗan huce tukuna. Kuma don Allah, ban da leda.

Alkakin da nakiyar ki bar min, ni da goggonki ta Bauchi mun riga mun yi magana, za ta zo da alkama mako biyu kafin biki. Ke dai ki tambayo mana babarku mutum nawa za su kwana a gidan amarya, don ki san kwaɓi nawa za ki yi, kuma ki gwada sau ɗaya kafin ranar ki turo min hoton cikinsa, ba samansa ba. In direban nan zai shigo Jos ranar Asabar ki gaya min, akwai dankali da kabeji da na saya muku a Farin Gada.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran.

Goggonki