Tambaya da Amsa: Yadda Sekou Toure ya ce wa Faransa "a'a"

Tambaya: Malam, an ce Sekou Toure na Gini ne kaɗai ya ce wa Faransa "a'a" a 1958. Gaskiya ne? Kuma da me ya riƙe ƙasar bayan haka? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ba shi kaɗai ya faɗa ba, shi dai ne tasa ta kai labari. A Nijar ɗinku Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun nemi a jefa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka kayar da su. A Gini kuwa kusan kashi 95 cikin 100 suka ƙi tsarin da jagoran Faransa De Gaulle ya kawo, wanda ya bar tsaro da kuɗi da harkokin waje a hannun Faransa. Ran 2 ga Oktoba ƙasar ta sami 'yanci.

Faransa ta huce haushinta nan take. Ta janye ma'aikatanta da likitoci da malamai, aka kwashe takardun ofisoshi, har wayoyin tarho aka tsittsinke. Nkrumah na Gana ne ya share wa Toure hawaye da bashin fam miliyan 10, kuma a Nuwamba suka ƙulla tarayyar Gana da Gini. A 1 ga Maris 1960 Toure ya fice daga kuɗin sefa ya buga na ƙasarsa. Nan gizo ke saƙar: 'yan leƙen asirin Faransa sun yi ta shigo da jabun kuɗi, ga kaya sun yi ƙaranci a kasuwa, fasa-ƙwauri ya bunƙasa.

Masu cewa ya koma yaron Rasha ba su bi labarin da kyau ba. Ya karɓi taimakonsu, amma a Disamba 1961 ya kori jakadansu, a 1962 kuma ya hana jiragensu masu zuwa Kuba sauka a Konakiri. Ya ba mayaƙan Amilcar Cabral, masu yaƙin ƙwato 'yancin Gini-Bisau daga hannun Fotugal, mafaka, abin da ya jawo Fotugal ta kai wa Konakiri farmaki ran 22 ga Nuwamba 1970.

Sai dai a cikin gida, zargin haɗa baki da 'yan mulkin mallaka ya zama sandar dukan 'yan adawa. A kurkukun Boiro aka bar Diallo Telli, babban sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ba ci ba sha har ya rasu a 1977.